Ragin Ashirin

A kan kabu-kabu suka kawo ta, naɗe cikin bargo,
tsoho Nomau rungume da ita
kamar tunkiyar da ta karye,
jikansa na biye a guje.
Ampili ce ta zamanin kwalabe,
shida a jere, hayaƙi ya dafe kan biyu.
Na ɗaga, na ji rabin buhun gero.

Ya ce, da muryar da ta koma raɗa:
"Tsahiru, shekara talatin ita ke kai sunan ƴan kokawa
daga fili har bakin Gulbi.
Yanzu in na kunna, sai ƙauri."

Na juya bayanta. An buga a ƙarfe:
ɗari biyu da ashirin.
Na soka awo a bangon shagona, nan Zariya,
allura ta haura ɗari biyu da arba'in,
da dare kuwa, in masu walda sun tashi,
injinan niƙa sun yi shiru,
har ta fi haka.

Ba cuta gare ta ba, Baba,
ɗura ake mata fiye da cikinta.
Zaren da ke cikin kwalba
shida da ɗigo uku yake so, bakwai ake ba shi.
Wa zai ce bakwai ta yi yawa?
A tambayi mai hawan jini
abin da tsinken gishiri ke yi.

Na zare ta daga kuran, ban yarda da ita ba.
Akwai ƴan gwangwanaye a cikinta masu riƙo,
sai su kwana uku da wuta a ciki
suna jiran yatsa.
Na sauke musu fushi a hankali,
hannun hagu cikin aljihu
kamar yadda Gado ya koya mini da mari.
Tabon ranar da na manta
yana nan a babban yatsana.

A kwandon gawarwaki na tono ƙaramin taransifo,
bai fi sabulun wanki ba,
bolti ashirin kaɗai ya iya.
Aikinsa ya tsaya a ƙofa,
ya karɓi ashirin daga duk abin da ya shigo,
ya ce saura ku wuce.

Dalma ta narke, na ɗaura, na auna:
ɗari biyu da sittin da biyu!
Na haɗa shi a baibai, mai ragi ya zama mai ƙari.
Yaron ya ƙyalƙyale.
Allah ya so ampilin ba ta kan layi.
Na sauya wayoyi biyu, wannan nan, wancan can.
Ɗari biyu da ashirin da biyu.
Allura ta zauna kamar baƙon da aka ba tabarma.

Na kunna. Shiru.
Yaron ya ce ta mutu,
ɗan zamanin salula, bai san jira ba.
Kakansa bai ko ɗaga kai ba.
Can sai ja ya fara tsatsowa a gindin kwalabe,
irin na garwashin mai shayi bayan sallar isha,
ba farin nan mai cin rai ba.
Lasifika ta yi gyaran murya.

Nomau ya goge makirfo da hannun riga,
ya kai baki, ya daɗe.
Na zaci kirari zai yi.
Sai ya ce, da raɗar nan tasa: "Ana jina?"

Mai ƙosai a tsallaken titi ta waiwayo,
matsami a hannu, mai na ɗiga.
"Ana jin ka, Baba!"

Jika uku na ce.
Ya ce a yi masa ragi.