Allin Gwaggo Astajam

Shekarar farko ban taɓa almakashi ba.
Shara nake, in tsince allura, in hura gawayin guga,
ina kallon Gwaggo tana kallon mutane
tun daga hanyar da ke gangarawa Binuwai.
Ta ce, "Dudu, awo ba daga tef yake farawa ba.
Dubi tafiyar mace kafin ta yi sallama."

Wata Laraba Hajja Mairamu ta faɗo shago,
gajera, mai jiki, dariyarta ta riga ta shigowa.
Ta zube atamfa mai manyan furanni,
a sa leshi, a sa duwatsu, a yi tattara,
a zuba surfani daga wuya har ƙasa,
bikin ɗan ƙanenta ne a Pitowa.
Gwaggo ta miƙa mata ruwan randa.
"Hajja, in mutum biyar suka yi magana tare,
wa za ki ji?
Riga ma zaure ce,
ɗaya ya faɗa, saura su saurara.
Furen nan ya riga ya buɗe baki.
A bar shi ya gama."

Da alli ta karantar da ni, a kan tebur mai tabo.
Ta ja layi a tsaye: "Giginya ke nan,
ko gajere ya jingina da ita sai ya miƙe."
Ta ja a kwance: "Kogi ne a tsakiyar damina,
wanda ya ɗaura shi a ƙugu ya nemi faɗi.
Kada ki raba mutum biyu daidai kamar goro.
Sama kashi ɗaya, ƙasa kashi biyu,
ido ba ya son kunnen doki."

Shuɗi, in ji ta, tuwo ne, a ci a ƙoshi.
Ja kuwa yaji ne,
da bakin cokali ake ɗiba.

Ran da na ɗora aljihu a dama, hagu fayau,
sai ta aike ni bakin gada
in ga yadda ake loda albasa a kwale-kwale.
Na dawo ƙafata duk laka.
"Kin gani? Buhu a nan, yara biyu a can.
Ba sai sun yi kama ba,
su dai yi nauyi ɗaya."
Na sa maɓalli uku a hagu. Riga ta daina kifewa.

Yankana na farko, atamfa mai zanen kifi,
yadi shida, sefa jaka tara, kuɗin wata malamar asibiti.
Hannuna na rawa, na juya ƙyalle ban sani ba:
kifin hannun dama na hawa,
na hagu na nutsewa.
Na yi kuka har keken ɗinki ya yi duhu.
Gwaggo ta biya daga lalitarta, ba ta ce uffan ba,
sai ta rataye rigar a kan ƙusa
daidai inda nake ɗaga kai.
Tana nan har yau, Garwa ta cinye launinta.

Yanzu yana ta rufe idon Gwaggo.
Tana zaune a kan buhun ƙyallaye, rediyo a cinya,
in na gama ɗinki in ɗora mata a hannu.
Yatsunta su bi kalmasa, su tsaya a kafaɗa:
"Wannan ta fi 'yar'uwarta
da faɗin ƙwayar dawa."
In ɗauko tef, in auna.
Haka ne.

Allinta yana aljihuna, ya koma kamar wake.
Ban ja layi da shi ba tun bara.
Nakan taɓa shi kawai
in mai kaya ta ce a ƙara, a ƙara,
ni kuma ina neman bakin da zan ce a rage.