Mabuɗin Rumbu

Ina da shekara ashirin da uku na roƙi Ubangiji wahayi,
a gindin dutsen Mindif,
wanda ya tsaya shi kaɗai kamar haƙorin ƙarshe a bakin tsohuwa.
Na ce a nuna mini Garwa, fili cike da jama'a,
lasifika na ɗaukar muryata har ƙetaren Binuwai.
Kwana uku ina azumi.
Ba murya, ba wuta,
sai awaki suna tsintar 'ya'yan aduwa a kusa da ƙafata.

Ran Lahadi, da aka tashi sujada,
dattijo Taiwe ya ja ni bayan ɗaki,
ya kwance zare daga wuyansa.
Mabuɗi ne, tsatsa ta ci rabinsa.
Ya ce, "Idona ya riga ni tafiya gida.
Rumbun ikilisiya yana son mai gani."
Na karɓa da hannu biyu,
zuciyata kuwa tana gunaguni: ashe wannan ke nan?

Wannan ke nan.
Buhu goma sha ɗaya, kwano ɗaya na awo,
littafin da gara ta fara karantawa kafin ni.
Na koyi sunan kowane gida da yawan bakinsa,
na koyi gane mai yunwa da ba zai ce ba,
wanda ke zuwa gaisuwa ya daɗe bai tashi ba,
yana zancen ruwan sama, idonsa na kan ƙofa.

Amma bari in faɗi abin da na yi a Agustan shekara ta huɗu.
Surukina ya zo da dare.
Na tula masa kwano har ya yi toliya, sau biyar,
na rubuta uku.
Da gari ya waye Mama Maiwore ta iso da ƙwaryarta,
jikoki biyu a bayanta,
na kankare ƙasan buhu, rabin kwano ya fito.
Ta ce, "Allah ya ƙara."
Gara a ce ta zage ni.
Mabuɗin ya kwana a ƙirjina da nauyin dutsen niƙa.

Na tsaya gaban jama'a na faɗa, baki na rawa.
Na miƙa mabuɗin.
Taiwe ya lalubo hannuna, ya naɗe yatsuna a kansa:
"Yanzu ka san nauyinsa. Riƙe."
Na sayar da kekena na cika abin da na rage.

Ku da ba ku san masakuwa ba, ku zo ƙasarmu in damina ta ɗauke.
Sama fayau, ba gajimare ko na rantsuwa,
mu kuwa sai mu fita da turke mu huda laka,
ɗan ruwa a rami, dashe biyu, mu wuce gaba.
Baƙo zai ce mun zautu.
Bai san akwai laima a can ƙasa,
inda ido ba ya kai, saiwa ce kaɗai ke sani.
Haka na gane nawa wahayin:
ba a nuna mini shi ba, dasa ni aka yi a cikinsa.

Yau furfura ta kama ni.
Garwa na je sau biyu, duk asibiti ne ya kai ni.
Ba wanda ya taɓa jin muryata a lasifika.
Amma jikan Maiwore, wanda ya tsaya bayanta ran nan,
shi ke riƙe littafin yanzu, rubutunsa ya fi nawa kyau.

Ya Yesu, kai da ka san lissafin da ban rubuta ba,
ranar da za ka ce in kawo mabuɗi,
kada ka tambaye ni taron da ban tara ba.
Tambaye ni kwanon.
Ina fata ka same shi a shafe daidai,
rumbun kuwa ka same shi wayam.