Gurasar da ta Faɗi a Samarƙand

Bayan kasuwar Siyob, tun kafin assalatu,
Usta Tursun ya ɗora mini ƙullu a tafi.
"Manna," ya ce. Kalma ɗaya. Ya juya baya.

Tanderu ya wage baki ja wur.
Na zura hannu har hammata,
na manna, na ji ta kama,
na ƙirga uku a zuci.
Sai ta saki bango, ta sulale,
ta kifa fuskarta cikin garwashi.

Ƙauri ya cika rumfa.
Dilnoza mai yayyafa riɗi
ta toshe dariya da bakin gyale.
Ni ko, da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Usta bai daka tsawa ba.
Ya ɗauko dogon ƙarfe ya tsamo ta,
baƙa ƙirin, kumatu ɗaya a kumbure,
ya hure mata toka, ya kai ta goshi,
ya aza ta bisa taga.
"Karanta," ya ce.

In karanta me? Gawayi?
Na dai juya ta.
Bayanta a bushe ƙayau:
na manta ban shafa ruwan gishiri ba.
Cibiyarta da kauri kamar tafin raƙumi:
ban danna hatimi ya shiga ba.
A gefe kuma ga sawun yatsu huɗu,
sawun matsoracin da ya janye hannu
tun wuta ba ta gaishe shi ba.

Ashe ƙonanniya ma tana da baki.

Cikin kwana tara sha huɗu suka faɗi.
Ya jera su a taga kamar ɗalibai,
don a garin nan ba a yar da gurasa.
Gashin damtsena ya babbake ya ƙare.
Na fara sanin bangon kamar fuskar uwata:
gefen gabas ya fi fushi,
akwai 'yar tsaga kusa da wuya
inda ƙullu ba ya yarda ya zauna.

Wani dare, muna shan shayi babu sukari,
ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabo.
"Wannan, ranar da na yi gaggawa.
Wannan, shekarar da na ɗauka na iya."
Na uku bai faɗi labarinsa ba,
ya dai shafa shi, ya daɗe yana kallon wuta.

Shekara ashirin da biyu ke nan.
Usta yana kwance a tudun bayan gari,
tanderun ya dawo hannuna, da tsagarsa.

Jiya Oybek, ɗan maƙwabta, ya zura hannu.
Tun ban waiwaya ba na ji ƙaurin.
Faɗa ya cika mini baki taf,
ga tsadar fulawa, ga masu jira a ƙofa.
Na haɗiye shi da ƙyar, ya ƙona mini maƙogwaro.

Yaron yana kallon ƙasa.
Na miƙa hannu ga dogon ƙarfe.