Batu na Huɗu

Ranar Laraba, bayan azahar, a Kamba.
Fankar ɗakin taro ta mutu tun makon jiya.
Su tara ne a kan teburin kwaleji,
ni ne cikon goma, ba ni da ƙuri'a.
Alƙalami aka ba ni, ba baki ba.

Shugaba ya gyara tabarau ya karanto:
"Sabon darasin yamma, na wata tara,
Turanci a matsayin harshe na biyu."
Malam Arzika ya yi dariya har da tari.
"Na biyu ga wa?
Da Dandanci uwata ta yaye ni,
da Zabarmanci na yi tallan kifi,
Hausa ta iske ni a kasuwa,
Larabci a gaban allo,
Faransanci kuwa a bakin iyaka,
wurin masu hatimi da fito.
In Turanci zai shigo, ya yi sallama,
ya zauna na shida, can kusa da takalma."
Na rubuta: An yi tsokaci a kan suna.

Ma'aji Nomau ya lashi yatsa, ya juya shafi.
"Malamai biyu. Benci ashirin. Alli.
Man janareta, tunda dare za a yi.
Kasafin bana rijiyar bazara ce,
guga na dawowa da laka."
Na rubuta: An nuna damuwa game da kuɗi.

Malama Hajo ba ta ce uffan ba tukuna.
Ta buɗe jaka, ta dire kwalba a tebur,
koriya, babu komai ciki sai wari.
"Ta Maidamma ce, manomin bakin fadama.
Ya saye ta da kuɗin akuya biyu,
ya fesa wa shinkafarsa da asuba.
Kafin Juma'a gona ta koma toka.
Ga gargaɗin nan a jikinta, da jan rubutu,
kalma huɗu rak.
Ya kalle su, sun kalle shi,
ba wanda ya gane ɗan'uwansa."
Kwalbar ta zagaya hannu zuwa hannu.
Na rasa abin rubutawa,
na ja layi.

Sai Malam Tukur na sashen Hausa ya miƙe,
hularsa a karkace don zafin rai.
"To, mai kwalbar fa? Shi bakinsa ciwo yake?
Ya ci kuɗinmu, ya kasa yi mana magana da harshenmu!
Kullum mu ne masu tsallaka kogi.
Ina tsoron ranar da yaro zai dawo gida
ya gaida tsohonsa da harshen
da babu 'ina gajiya' a cikinsa."
Aka yi shiru. Ƙuda ya sauka kan kwalba.
Hajo ta ce, "Kawo sharaɗinka."
Ya ce, "Duk wanda ya gama darasin,
ba takardar shaida sai ya juya kwalba goma,
ta magani, ta feshi, ta taki,
zuwa Hausa, ya manna a rumfunan kasuwa."
Na rubuta wannan da manyan baƙi.

Hannu bakwai suka tashi.
Nomau ya ƙi, yana shafa jakarsa.
Arzika ya ƙi, wai sai an gyara lissafin harsuna.
Nawa hannun ya motsa a ƙarƙashin tebur,
ba wanda ya ƙirga shi.
An amince, ƙarfe huɗu saura kwata.

A bakin ƙofa na iske Baba Jaɓɓi, masinja,
riƙe da butar shayin da ya huce.
Shekara sha tara yana kai wasiƙun kwaleji,
kan keke, cikin rana, har Birnin Kebbi a mota,
bai taɓa sanin me suke ɗauke da shi ba.
Ya ce, "Magatakarda, sun yarda?"
Na ce sun yarda.
Ya ajiye buta, ya goge hannu a riga.
"To sa sunana a farko.
Benci na gaba, idona ya soma rauni."

Littafin taro ba shi da gurbin wannan.
Na rubuta shi a bayan takardar kasafi.