Hawa na Arba'in da Biyu

Ranar da na karɓi albashin farko
na kai uwata, Bunruean, ƙololuwar bene a tsakiyar Bangkok.
Can ƙasa, kogin Chao Phraya
kamar zaren da ya zare daga allura.

Ta ɗosana a bakin kujera,
jaka bisa cinya, kamar mai jiran likita.
Yaron da ya zuba mana ruwa
sau uku tana yi masa sannu.

Aka kawo kwaɗon ɗanyar gwanda,
loma huɗu a faranti mai faɗin tire,
har da fure a ka.
Shekara talatin tana kirɓa irinsa a tashar Khon Kaen,
taɓarya ta cinye mata kafaɗa,
da shi na yi karatu.

Ta ɗanɗana. Ta yi jim.
"Mai dakan nan ɗan wajenmu ne," in ji ta,
"barkono aka hana shi."

Na danne takardar kuɗi da tafin hannu.
Ashe ta gani.
Muna saukowa tana lissafi da yatsu:
turmi tamanin.
Ta yi dariya har da dafa bango.