Jirgi a Tsakar Gida

Shekara talatin ina koyar da lissafi a lakwal.
Ran da na aje alli, hannuna ya ƙi zama.
Na farke buhun siminti, na shimfiɗa bisa tabarma,
na ja layi guda mai lanƙwasa
kamar haƙarƙarin rago bayan layya.
Tsahara ta leƙo: "Mene ne kuma?"
Na ce, jirgi.
Ta dubi gulbi ta kan katanga,
yashi fari fat, jakuna na ƙetarawa da kwandunan tumatir.
Ba ta tanka ba. Ta koma ga tukunyarta.

Na farko tsawon tafin hannu ne,
na sa shi a bahon wanki, ya kife.
Na biyu ya tsaya a karkace
kamar mai gaida surukai.
Na bakwai ya ɗauki tsakuwa uku da ƙwallon goruba,
jikana Hamisu ya yi ta tsalle
har ya ɓarar da ruwan sabulun kakarsa.

Sai na nufi ƴan katako.
Nomau kafinta ya ƙwanƙwasa falankin da na zaɓa, ya kasa kunne,
ya ce, "Mushe, wannan na gado ne, bai san ruwa ba."
Ya zaƙulo mini maɗaci daga ƙasan tari.
Kuɗinsa, har yau ban faɗa a gida ba.

Maɗaci ba ya rusunawa don an roƙe shi.
Tafasasshen ruwa, tsumma, igiya,
yau ɗan yatsa, gobe ɗan yatsa,
in ka matsa masa ya tsage, ya bar ka da kunya.
Na yi ɗalibai irinsa.
Da na san haka tun da wuri
da bulalata ta huta.

Wata tara zarto na kuka a Bagalam.
Kaji sun yi ƙwai cikin ɓarɓashin katako.
Abokan majalisa suna wucewa:
"Sarkin ruwa, yaushe za mu Makka?"
Ina dariya da ƙusa a baki.
Na cusa kaɗa tsakanin katako da katako,
na bi da kwalta, na shafa shuɗin fenti.
Mita uku da rabi. Kusurwa ba ta ci ni ko ɗaya ba.

Shamuwa ta iso, ruwa ya gangaro daga Jibiya.
Muka ɗaga shi mu shida, muka doshi zaure.
Ya ƙi.
Muka juya shi. Ya ƙi.
Na auna ciki, na auna baki, na auna nauyin da zai ɗauka,
ban auna ƙofar gidana ba.
Dariyar da Tsahara ta adana wata tara
ran nan ta biya ni ita duka.
Ta kan katanga ya fita, kamar ɓarawo.

A Madarunfa, da muka tura shi tabki,
ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa.
Gwiwata ta yi sanyi.
Wani tsohon masunci mai gyaran koma
bai ko ɗaga kai ba:
"Bar shi ya kwana ciki.
Sai katako ya sha ya ƙoshi yake hana ruwa hanya."

Da asuba muka kwarfe shi da ƙwarya.
Ya bushe. Ya tsaya cak.
Na shiga, ni da ban iya iyo ba,
Hamisu a gaba, filafili na rawa a hannuna.
Zalɓe ya dube mu, bai ga abin tashi ba.
Ba mu yi nisa ba,
iyakar inda muryar mutanen gaɓa ke zama ƙarama.

Daren jiya na farke wani buhun.
Daga ɗaki na ji ta:
"Malam, igiyar awon tana rataye a zaure.
Fara da can."