Guntuwar Hannu

Ƙarfe biyar na asuba nake hawa kujerar goshin mota,
ƙafafuna na reto,
idona na karanta abin da dare ya rubuta a yashin Luangwa:
nan dorina ta ja jiki ta koma ruwa,
nan kura ta bi sawun da ba nata ba,
nan damisa ta tsaya, ta yi shawara, ta fasa.

A bayana baƙi shida lulluɓe da bargo,
kowa da kyamara mai baki ya fi na bindigar kakana tsawo.
Sun ƙetaro teku don su ga giwa.
Mu a ƙauyenmu ganga muke duka don kada mu gan ta.

Jiya ma ta zo.
Innata Tikambenji ta kwana bugun gwangwani,
ta ƙona barkono da busasshen kashi har idonta ya kumbura.
Gari ya waye, kunya goma sha ɗaya ta masara ta zama tabarma.
Ba ta yi kuka ba. Ta tsince abin da ya rage a bakin zane,
ta ce, "Mabvuto, ka gaishe mini da uwar ɗakinka."

Da hantsi muka same su a bakin kogi, su tara.
Kondwani ya kashe mota.
Ba ka jin komai sai karyewar reshe
da rugugin ciki, kamar hadari yana haɗowa daga nesa.
Tana can gefe. Na gane ta tun ba ta juyo ba.
Hannunta ba ya kai ƙasa sai ta rusuna,
ba ya kai reshen sama ko ta yi ɗage.
'Yan'uwa na zuƙar ruwa daga tudu,
ita sai ta shiga har ƙirji, ta kafa baki kamar saniya.

Wata tsohuwa daga Norway, Ingunn,
mai rubuta sunan kowane tsuntsu a ɗan littafi,
ta taɓa kafaɗata: me ya sami hannunta?
"Kada ne," in ji Kondwani, bai dube ni ba.
Ta rubuta.

Shekarar kadan nan goma sha bakwai a lokacin.
Wayar birkin keke ce, da haƙori na murɗa ta,
na ɗana wa gwanki a hanyar mashaya
shekarar da ruwa ya ƙi, muka koma ɗanyen mangwaro da dusa.
Gwanki bai zo ba.
Na tarar da jini, da ƙasa a tone,
da ƙaramin sawu,
da babba yana zagaye shi, yana zagaye shi.

Yanzu ran da babu baƙi, daji muke bi da sanda muna kwance zarge.
Bara na cire ɗari biyu da sittin da uku.
Ina gane ƙullin kowa.
Wannan na ɗan kawuna ne.
Wannan irin nawa ne, ni na koya wa mai shi.
Albashin ya saya wa Tiyamike takalmin makaranta,
ya ɗora kwano a ɗakin inna.
Masarar kuwa, wurin wa zan kai ƙara?
Wanda ya rage wa giwa hannu
ai shi ya nuna mata gona, inda abinci ke daidai baki.

Da yamma Ingunn ta nuna mini hoton.
Rana ta zuba mata ja a kunne, ruwa na ɗiga a haɓarta.
"Kyakkyawa ce." Na ce haka ne.
Ta danƙa mini takardar kuɗi a ninke huɗu.

Na tsaya kanti na sayi gari, batir, ƙullin barkono.
Yau ni zan kwana a gona.
Inna ta miƙo mini gwangwani da sanda, ba ta saki da wuri ba.
"In ta zo kada ka jefa mata wuta.
Yi mata magana kawai," ta ce,
tana duban hannuna.